Mita Biyu Na Ƙasa A Kan Dusar Yuraniyom: Wa Zai Ci Gaba Da Awon Iskar Radon A Akokan?

JABI, Abuja — A ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2021 ne kamfanin Cominak ya dakatar da haƙar yuraniyom a Akokan, wani gari da ke maƙwabtaka da Arlit a arewacin Jamhuriyar Nijar, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na wannan ma'adini tun daga shekarar 1978. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aikinsu. Abin da kamfanin ya bari a bayan gari kuwa shi ne tsibin dusar ma'adini, watau ragowar niƙaƙƙen dutsen da aka tace yuraniyom daga cikinsa, wanda nauyinsa ya kai tan miliyan 20, ya kuma mamaye fili mai faɗin hekta 120.

Shirin da aka tsara na gyaran wurin, wanda aka ƙiyasta zai ci Yuro miliyan 150, kimanin Sefa biliyan 98 ke nan, ya ƙunshi lulluɓe wannan tsibi da yumɓu da dutsen yashi mai kaurin mita biyu. Duk ɗan kwangilar da ya saba ƙirga sahun tifa a wuraren gine-ginen Jabi da Utako zai iya lissafa nauyin aikin cikin minti guda: hekta 120 sau mita biyu ya ba da kubik mita miliyan 2.4, wanda ke nufin sahu 120,000 na tifa mai ɗaukar kubik mita 20, ban da ƙarin da gangaren tsibin zai ci. Wannan ɓangare na aikin ana iya yi masa farashi, a sa hannu, a biya. Ɓangaren da ya fi wuyar sha'ani shi ne tabbatar da cewa murfin yana yin aikin da aka biya kuɗi dominsa, saboda abin da ake son ya tare wata iska ce da ba a ganin ta, ba ta da wari, ba ta kuma da ɗanɗano. Sunanta radon.

Abin da ke cikin dusar

Masana'antar tace yuraniyom tana cire yuraniyom ne kaɗai. Sauran sinadaran da suka samo asali daga gare shi, musamman toriyom da radiyom, suna nan cikin dusar, kuma su ne ke ɗauke da kimanin kashi 85 cikin ɗari na tururin nukiliyar da ke cikin dutsen tun asali. Radiyom yana ɗaukar shekara 1,600 kafin rabinsa ya rushe, toriyom ɗin da ke haifar da shi kuwa yana ɗaukar kimanin shekara 75,000. A duk lokacin da ƙwayar radiyom ta rushe, sai ta rikiɗe ta zama radon. Da yake an riga an niƙe dutsen ya koma kamar gari, iskar ba ta shan wahalar fita kamar lokacin da take kulle a zurfin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa.

Haɗarin radon a huhu yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan iska ce ke haddasa tsakanin kashi 3 zuwa kashi 14 cikin ɗari na sankarar huhu, gwargwadon ƙasa da yawan masu shan taba a cikinta, kuma a shekarar 2009 ta ba da shawarar kada adadinta a cikin ɗaki ya wuce bekerel 100 a kowace kubik mita ta iska, ko kuma 300 inda hakan ya gagara. Bekerel ɗaya yana nufin rushewar ƙwaya ɗaya a cikin sakan ɗaya.

To amma radon tana da rauni guda, kuma a kansa aka gina dabarar murfi baki ɗaya. Ba ta da tsawon rai. A duk kwana 3.8 rabinta yana rushewa ya koma daskararrun ƙwayoyi da ke maƙalewa a jikin ƙasa. Saboda haka ba a bukatar a toshe ta kamar yadda ake toshe bakin kwalba. Jinkirta ta kawai ake so a yi. Idan tafiyarta daga dusar zuwa sarari ta ɗauki wata guda, abin da zai fito bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ruwan da ke cikin yumɓu shi ne mai gadi

Nan ne maganar ta fi shafar Akokan. Radon tana ratsa ƙasa ne ta ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinta, kuma tafiyarta cikin ruwa ta ninka tafiyarta cikin iska jinkiri kusan sau dubu goma. Wannan ya sa yumɓu mai danshi, wanda ruwa ya cike yawancin ƙofofinsa, yake tare ta, busasshiyar ƙasa kuma take ba ta hanya. Bisa lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi, mita biyu na busasshiyar ƙasa mai yashi za ta iya barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar ya fita, alhali mita biyu na dannannen yumɓu mai danshi zai iya rage ta zuwa kusan kashi ɗaya cikin dubu, duk da cewa kaurin ɗaya ne, kuɗin tifa ma ɗaya.

Madatsar ruwa ta ƙasa irin wadda ta tara tabkin Jabi ita ma dannanniyar ƙasa ce ke riƙe da ita, sai dai tana da gata, domin ruwan da take tarewa shi ke jiƙa ta kullum. Murfin dusar yuraniyom a gefen Sahara ba shi da wannan gata. A Arlit ruwan sama na shekara ɗan kaɗan ne, zafin bazara yana wuce digiri 40, iska kuma tana kaɗawa kusan ko yaushe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙasan fadama ke tsattsagewa da rani ya san abin da rana ke yi wa yumɓu. Dalilin ɗora dutse a saman yumɓun ke nan, don ya kare shi daga bushewa da zaizaya. Ko kariyar ta wadatar, awo ne kaɗai zai nuna.

Akwai wani ƙiyasi mai sauƙi da masana ke farawa da shi: dusar da ke ɗauke da bekerel ɗaya na radiyom a kowane giram, idan tana fili ba murfi, tana sakin kusan bekerel ɗaya na radon daga kowace murabba'in mita a kowane sakan. Dutsen da ke da kilo uku na yuraniyom a cikin tan ɗaya yana barin dusa mai kimanin bekerel 37 a giram. Iyakar da ƙasar Amurka ta sa wa dusar da aka rufe ita ce bekerel 0.74. Ke nan murfin da za a ɗora wa irin wannan dusa sai ya rage fitar iskar ninki hamsin kafin ya cika sharaɗi, abin da busasshiyar ƙasa mai yashi ba za ta iya ba ko da an zuba mita biyu cif. Don kwatanci, ƙasar gona ta yau da kullum tana sakin kimanin bekerel 0.02.

Gawayi da agogo

Abin mamaki shi ne sauƙin kayan awon. Hanyar da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta amince da ita, wadda ake kira hanya ta 115, ta dogara ne da gawayi da aka sarrafa musamman don ya riƙa zuƙar iska. Ana zuba shi cikin wani mazubi mai faɗin faranti, a kife a kan murfin, a toshe gefensa da ƙasa, a bar shi sa'a 24. Duk radon ɗin da ta fito ta wannan gurbi sai gawayin ya kama ta. Daga nan a rufe shi ruf a kai ɗakin gwaje-gwaje, inda na'ura za ta ƙirga tururin da ke fita daga cikinsa, a yi lissafin faɗin mazubin da tsawon lokacin, a samu adadin da murfin ke saki. Ƙa'idar ta tanadi aƙalla gurbi 100 a kan tsibi, sannan a ɗauki matsakaicinsu, ta kuma hana yin awo cikin sa'a 24 bayan ruwan sama.

Wannan hani na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda za a iya samun sakamako mai daɗin ji ba tare da an yi ƙarya ba. Ƙasar da ruwa ya jiƙa jiya za ta nuna adadi kaɗan yau. Murfin da aka gama danne shi makon jiya, yana ɗauke da ruwan da tankoki suka yayyafa masa lokacin aiki, zai ci jarrabawa cikin sauƙi. Haka nan sauyin nauyin iskar sararin sama yana taɓa sakamakon: idan ya ragu, ƙasa tana fesar da iskar da ke cikinta fiye da kullum. Saboda haka takardar shaidar da ba ta faɗi watan da aka yi awo ba, da danshin ƙasar a ranar, da wuraren da aka kafa mazuban, ba ta gaya wa mai karatu abu mai yawa ba. A ƙasa irin Nijar, awon watan Afrilu ne ya kamata a nema, lokacin da rani ya kai maƙura, domin na watan Agusta zai yi wa murfin alfarma.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ke cike giɓin gawayi. Ta farko ita ce kifa akwati a ƙasa a haɗa shi da na'urar lantarki mai nuna yadda radon ke taruwa a ciki sa'a bayan sa'a. Ta biyu kuma ƙananan ɓallayen roba ne da ake ratayewa a gidaje da makarantu na tsawon wata uku ko fiye, waɗanda tururin ke bar wa tabo da ake ƙirgawa daga baya. Gawayi da akwati suna faɗin abin da tsibin ke saki, ɓallayen kuwa suna faɗin abin da mutane ke shaƙa, wanda ya fi yawa da dare idan iska ta kwanta.

Darasin da Amurka ta saya da tsada

Ba da son rai Amurka ta kai ga waɗannan ƙa'idoji ba. A garin Grand Junction na jihar Kolorado, daga shekarun 1950 zuwa 1966, an bar magina suna kwasar dusar yuraniyom kyauta a matsayin yashi, suka zuba ta a ƙarƙashin gidaje da makarantu da hanyoyi. Daga baya sai da aka tsaftace wurare sama da 4,000. Majalisar ƙasar ta kafa dokar kula da dusar yuraniyom a 1978, a 1983 kuma aka fitar da iyakar nan ta bekerel 0.74, tare da sharaɗin cewa a tsara murfi don ya yi shekara 1,000, ko aƙalla 200 inda hakan ba zai yiwu ba. A Moab ta jihar Utah ma an yanke shawarar cewa rufewa a wurin ba za ta wadatar ba saboda kusancin tsibin da kogin Kolorado, aka shiga kwashe tan miliyan 16 ta jirgin ƙasa tun daga 2009.

Abin da ya fi amfani ga Akokan shi ne binciken da hukumar kula da harkokin nukiliya ta Amurka ta wallafa a 2022. Masu binciken sun koma wurare huɗu da aka rufe kimanin shekara ashirin da suka gabata, a jihohin Texas, New Mexico, Wyoming da Oregon, suka haƙa ramuka a cikin murfin suka sake awo. Sun tarar yumɓun ba yadda aka bar shi yake ba. Saiwoyin tsirrai sun shige shi, tururuwa ta yi ramuka, jiƙewa da bushewa sun farfasa shi, kuma a inda hakan ya fi tsanani radon ta fi samun hanya. A takardar kwangila murfi gini ne da aka kammala. A zahiri ƙasa ce da ke ci gaba da sauyawa. Mu kuma a wannan yanki muna da gara, wadda ke iya nutsawa mita da yawa tana neman danshi.

Ta fuskar kuɗi, dokar Amurka ta yi abubuwa biyu da ɗan kasuwa zai gane nan take. Ta wajabta wa kamfani ya ajiye jinginar kuɗin gyara tun yana cikin aiki, sannan kafin ya miƙa wurin ga gwamnati ya biya aƙalla Dala 250,000, bisa darajar Dala ta 1978, don ribar kuɗin ta riƙa ɗaukar nauyin sa ido. Jamus kuwa, wadda ta gaji mahaƙun Wismut daga tsohuwar Jamus ta Gabas ba tare da irin wannan ajiya ba, ta kashe sama da Yuro biliyan 6 daga baitulmalinta tun 1991.

Shekara biyar da shekara 1,600

A watan Maris na 2023, lokacin da kamfanin Orano na Faransa, wanda ke da rinjayen hannun jari a Cominak, ya zagaya da 'yan jarida wurin, an bayyana cewa gyaran zai ɗauki kimanin shekara goma, sannan a bi shi da aƙalla shekara biyar na sa ido. Idan aka raba Yuro miliyan 150 da tan 75,000 da aka haƙa, kuɗin gyaran ya kama Yuro biyu a kan kowane kilo na yuraniyom, a kasuwar da farashin laba ɗaya, wadda ba ta kai rabin kilo ba, ya haura Dala 100 a watan Janairu na 2024. Kuɗin awo kuwa ɗan ƙaramin kaso ne na wannan Yuro biyu. Da wuya a ce tsada ce za ta hana a ci gaba da shi. Matsalar ita ce shekara biyar ba ta kai lokacin da murfi ke fara nuna tsufansa ba, kamar yadda binciken Amurka ya nuna.

Mutanen Arlit suna da dalilin neman awo mai zaman kansa. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, wadda ta fara zuwa garin a 2003 bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'man ta mazauna wurin, ta ba da rahoton samun gurɓatattun ƙarafa daga masana'antar ana sayar da su a kasuwa. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu titunan Akokan da aka cike da duwatsun mahaƙa, ta ce tururin a wasu gurabe ya ninka na al'ada har sau 500. Kamfanin, wanda a lokacin ake kira Areva, ya kwashe duwatsun daga wuraren da aka nuna, ya kuma sha nanata cewa ƙarin tururin da jama'a ke samu bai wuce iyakar da dokar Nijar ta sa ba. Ko ma wane ne ke da gaskiya a kowace gardama, a bayyane yake cewa wuraren da aka gyara sai da wani daga waje ya zo da na'urarsa tukuna.

Sai kuma siyasa ta shigo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, dangantakar Yamai da Faransa ta lalace. A watan Yuni na 2024 gwamnati ta janye lasisin Orano na Imouraren, a watan Disamba kamfanin ya ce ikon gudanar da Somaïr, ɗayar mahaƙar ta Arlit da ke aiki tun 1971, ya fita daga hannunsa, a watan Yuni na 2025 kuma Nijar ta sanar da mayar da Somaïr mallakin ƙasa. Ana ta muhawara a kan wanda ya mallaki yuraniyom ɗin da ke ajiye da wanda zai saye shi. Tsibin Akokan kuwa ba shi da mai saye, kuma mahaƙar da ta haife shi ba ta sake kawo ko sisi, don haka duk kuɗin rufe shi da awonsa sai dai ya fito daga aljihun masu hannun jarin da a yanzu suke gaban kotun sulhu. Somaïr ma tana da nata tsibin, wanda wata rana zai bukaci nasa murfin.

Ina ruwan Najeriya?

Najeriya ba ta da masana'antar tace yuraniyom, amma tana da 'yar'uwar wannan matsala. Fiye da shekara ɗari na haƙar kuza a Filato ya bar dusa mai ɗauke da ma'adinai irin su monazait, wanda ke da toriyom da ɗan yuraniyom, kuma an daɗe ana ɗibar irin wannan yashi a yi gini a Jos da Bukuru. Irin radon ɗin da toriyom na Filato ke haifarwa rabinta yana rushewa cikin ƙasa da minti guda, saboda haka siririn murfi ma yana tare ta. Abin da ya fi damun masana a can shi ne ƙura da tururin da ke fita kai tsaye daga tsibin, da kuma sanya dusar cikin bulo da daɓen ɗaki. A Zamfara kuma, bayan gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara aƙalla 400, maganin da aka yi a ƙauyuka irin su Bagega shi ne kankare gurɓatacciyar ƙasa, a binne ta, a shimfiɗa mai tsabta, sannan a bi da na'ura gida-gida a tabbatar.

Hukumomi da dokoki suna nan. Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, wadda doka ta 19 ta 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001 da hedkwatarta a Abuja. Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da na'urorin ƙirga tururi, tana kuma gudanar da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun kare muhalli da gyaran wuraren haƙa, wanda masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki. Abin da ya rage ga mai zuba jari shi ne ya ɗauki wannan tanadi a matsayin bashi na gaske a littafin kuɗinsa.

Wanda zai sayi masana'antar tace kuza ko monazait a Filato ko Nasarawa, yana sayen tsibin da ke bayanta ne tare da injunan, kuma ya dace ya nemi a auna shi kafin a yanka farashi. Bankin da zai karɓi irin wannan fili jingina shi ma haka. Mai sayen tsofaffin ƙarafa daga arewacin Nijar zuwa Kano ko Katsina zai fi samun kwanciyar hankali idan ya riƙe ƙaramar na'urar awo ta hannu, domin lodi ɗaya gurɓatacce ya isa ya sa masana'antar narka ƙarfe ta mayar masa da kayansa. Ɗan kwangilar da aka ba aikin rufe tsohuwar mahaƙa kuma ya duba sharaɗin biyan kuɗinsa da kyau: idan an ɗaure kason ƙarshe da sakamakon awo, to ya san a wane wata za a yi awon, wa zai yi shi, da kuma tsawon shekarun da za a riƙe shi da alhakin murfin bayan tifa ta ƙarshe ta sauke kayanta.